Benen tsuran kankare a bakin Fagge

Wanda ya shigo Kano ta titin Zariya ba sai ya yi tambaya ba kafin ya ga manyan gine-ginen kankare na garin. Daga Na'ibawa a wuce Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi da Dangi, kafin a kai Ƙofar Nassarawa ga dogon ginin tsohon Bankin Arewa, gaba kaɗan ga Gidan Ado Bayero, ga kuma Gidan Murtala a bakin titin da ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Amma duk waɗannan wuraren aiki da karatu ne, da yamma ake kullewa kowa ya kama gabansa. Wajen kwana kuwa, Kano a ƙasa ta shimfiɗa mutanenta. Rukunin gidajen gwamnati irin su Kundila da Gwammaja da Kabuga, har zuwa na baya-bayan nan, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, galibinsu gidajen ƙasa ne ko masu hawa ɗaya. Mai son ganin iyalai a jibge wasu kan wasu har hawa biyar sai ya nufi wajen Fagge da Sabon Gari, inda fili ya daɗe da yin tsada.

Can na nufa, kuma da gangan na zaɓi watan Afrilu, domin bazara ce ke tona asirin gini. Daga Ƙofar Nassarawa adaidaita sahu ya bi da mu titin Ibrahim Taiwo, muka sauka kafin cunkoson Kantin Kwari muka ƙarasa a ƙafa, don motocin sauke diloli ba sa barin hanya da hantsi. Mu uku ne: ni, da wani dattijon birkila da ya fara ɗaukar kwano tun zamanin mulkin Audu Bako, da wani matashi da bai daɗe da gama karatun zanen gine-gine ba.

Gidan da muka je gani na haya ne. Ƙasansa shaguna, samansa hawa biyar, kowane hawa gida huɗu, gida ashirin ke nan. Wakilin masu gidan ya ce a shekarun 1970 aka gina shi, lokacin kuɗin mai, kuma fasalinsa bai ƙaryata shi ba. Ginshiƙai da barandu da dogon ɗakin matakala da ke tsaye a gefe duk tsuran kankare ne, ba filasta ba fenti, har yau ana ganin shatar katakon da aka zuba su a ciki, layi-layi, da idon katakon da wurin ƙusa. Bangon bulo da ke tsakanin ginshiƙan ne kawai aka yi wa shafe.

Tun daga tsallaken titi gardama ta tashi. Dattijon ya ɗaga kai ya dubi ginin ya ce, "Injiniya, wannan ai ba a gama shi ba. Kuɗin mai shi ne suka ƙare." Matashin ya ce, "A'a Baba, haka aka zana shi, da niyya aka bar shi haka." Baba ya ce to Allah ya kyauta, shi dai bai taɓa ganin mai hali ya bar gidansa tsirara ba.

Maganar Baba ba ta jahilci ba ce. A garin nan, bangon da ba a shafe ba alama ce ta kango ko ta aikin da ya tsaya. Tun zamanin ginin ƙasa, fuskar gida ce ke faɗin matsayin mai shi: a yi yaɓe, a bi da makuba ko laso, a zana ƙofar zaure, a ɗora zankwaye a kusurwa. Wanda ya taso yana ganin Gidan Makama da gidajen attajiran cikin birni, idan ka nuna masa toka-tokan bango mai tabon ruwa ka ce ado ne, dole ya dube ka. Shi kuwa matashin abin da yake gani daban ne. Ya nuna mana yadda barandun suka shige ciki da kusan mita ɗaya da rabi, inuwa ta kwanta a kan tagogi, da yadda ba abin da ginin ya ɓoye: abin da ke ɗauke da nauyi shi ne abin da ido ke gani. Ya ce shekara hamsin ba a sayi bokitin fenti ɗaya don waɗannan ginshiƙan ba, a je a tambayi makwabta sau nawa suka sake nasu.

Salon yana da asali. Masana na kiransa burutalizim, kuma gidan da ake dangana farkonsa da shi yana birnin Marseille a Faransa, wanda Le Corbusier ya zana, aka gama a 1952. Gida 337 ne a gini ɗaya, na mutum kusan 1,600, an ɗaga shi a kan manyan ƙafafun kankare, akwai layin shaguna a tsakiyar tsayinsa, makarantar yara da wurin motsa jiki a kan rufi. Mutanen garin da farko gidan mahaukaci suka riƙa kiransa. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da wasu ayyukan mai zanen. Rabuwar kai a kan irin wannan gini ke nan tun ranar farko, ba a Fagge aka fara ba.

Da muka tsallaka muka sa hannu a jikin ginshiƙan, sai Baba ya sassauta, ba don ginin ya burge shi ba, sai don ya ga aikin hannu. Kankaren da za a bari tsirara ya fi wanda za a rufe da filasta wuyar zubawa nesa ba kusa ba, domin duk kuskuren da aka yi ranar zubi yana nan a fili har ginin ya tsufa. Haɗin da aka saba da shi a wuraren gini, buhun siminti ɗaya mai kilo 50 da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, ya isa ƙaramin aiki. Ginshiƙin da zai sha rana da ruwa ba shafe yana son wanda ya fi shi ƙarfi: buhu ɗaya, yashi kwano uku, tsakuwa shida. Ruwa kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25 a kowane buhu, idan yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. A nan ake cin amanar yawancin gine-gine. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin juyawa da ɗauka, amma ruwan da ya yi yawa idan ya bushe ƙananan ƙofofi yake bari a cikin kankaren, ta nan iska da damshi za su bi su kai ga rodi.

Yashi ya zama na kogi mai kaushi. Gwajinsa ba wuya: a zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwanta. Idan lakar da ta taru a sama ta doshi kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a wanke shi ko a mayar wa mai tifa. Kuma daga farkon aiki har ƙarshe a tsaya a kan siminti iri ɗaya da yashin wuri ɗaya, in ba haka ba launin bango zai fito dabbare-dabbare. A hawa na uku na wannan gidan ana ganin inda aka sauya yashi, ginshiƙan sun fi na ƙasa ja. Katakon zubi a haɗa shi tsam, a toshe duk wata kafa, domin inda ruwan siminti ya tsiyaye tsakuwa ce za ta rage tsirara. Kafintoci sun saba shafa wa katako baƙin man mota don ya saki da sauƙi. A aikin da za a yi wa filasta ba a cika damuwa ba, amma a nan tabon ba ya fita. Ana zubawa kashi-kashi, kowane kashi kada ya wuce kamu ɗaya, a soka injin girgiza a ko'ina har kumfa ta daina tasowa, kuma ba a wurgo kwaɓi daga sama da mita ɗaya da rabi, don tsakuwa za ta riga siminti isa ƙasa. Bayan an cire katako a naɗe ginshiƙin da buhun algarara a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai. A bazara da safe ko da yamma ake zubi. A hunturu ma ba a tsira ba, busasshiyar iskar nan tana zuƙe ruwan saman daɓe tun bai kama ba, washegari a tarar da shi duk tsaga. Cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi sai ya kwana 28.

Waɗanda suka zuba wannan gidan sun kiyaye mafi yawan wannan. Inda suka yi sake shi ne tazarar da ke tsakanin rodi da fuskar kankare. A ƙarƙashin barandar hawa na biyu akwai wani wuri mai faɗin faranti da kankaren ya ɓantare, rodi biyu suka bayyana, jajaye, suna ɓarewa ɓawo-ɓawo idan aka sa farce. Na auna abin da ya rufe su, bai kai santimita ɗaya da rabi ba. A wurin da ruwa ke duka, santimita huɗu ake so, kuma abin da ke tabbatar da hakan ɗan guntun siminti ne da magina ke kira biskit, wanda ake ɗaurawa a jikin rodi kafin zubi don kada ya jingina da katako. Abu ne da kusan ba shi da farashi, rashinsa kuma shi ke cin gini.

Yadda abin ke faruwa shi ne, sabon kankare yana da kaifi irin na ruwan toka, wannan kaifin ne ke hana ƙarfen ciki tsatsa. Iskar da muke shaƙa tana ratsa kankaren a hankali daga waje, tana kashe kaifin, shekara da shekaru. Ranar da ta kai ga rodi, idan akwai damshi, tsatsa ta fara. Tsatsa kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu ko fiye, sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki ya tsage ya faɗo. Kano ta yi sa'a a nan, domin fiye da rabin shekara gari a bushe yake, kuma babu gishirin teku irin na Legas. Shi ya sa ɓarnar ba ta game jikin ginin ba, ta taru ne a inda ruwa ke zama: ƙarƙashin banɗakunan da bututunsu ke yoyo, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga dare da rana, bakin rufi, da gindin ginshiƙan baya inda kwata ke kwanciya. Baƙaƙen layukan da suka zubo a fuskar ginin, waɗanda suka fi komai ɓata masa kyau a idon mai wucewa, su ma dalilinsu ƙarami ne. Ba a yanka ɗan kwarmin nan a ƙarƙashin leɓen baranda da na taga ba, wanda ke sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Ƙurar hunturu ta kwanta, ruwan farko ya kwaso ta ya shafa a jiki.

Baba ya kawo maganar benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa, ya ce shi tun daga ranar ba ya son tsayawa ƙarƙashin dogon gini. Tsoron yana da dalili, amma ɓantarewar baranda daban, gazawar ginshiƙi daban. Na bi ginshiƙan ƙasa ina ƙwanƙwasa su da guduma. Mai lafiya ƙara yake yi tsaf, wanda ya saki daga ciki kuwa amonsa na holoƙo ne. Biyu ne kawai a baya suka amsa da wannan amon, kuma a gindi. Abin da ya fi tayar mini da hankali wani mai shago ne da ya sassaƙe gefen ginshiƙi don ƙofar ƙarfensa ta samu shiga.

Sai hawa. An bar ramin lifta a jikin ɗakin matakala, amma yanzu ma'ajiyar tsofaffin katifu ce, kuma ba wanda muka tarar da ya taɓa ganin ta tana aiki. Kowane hawa taka goma sha takwas ne, zuwa na biyar casa'in. Ɗakin matakalar kansa shi ne wuri mafi daɗi a gidan, domin an yi bangonsa da bulo mai huda, iska na ratsawa, haske na shigowa ba tare da rana ta shigo ba. A kan hanya muka ba wani mai garuwa wuri ya wuce da jarka biyu. Kowace jarka kilo 25 ce, kuma kuɗinta ƙaruwa yake da kowane hawa.

Lissafin ruwan gidan ba ya buƙatar takarda. A ce kowane gida mutum shida ne, mutum 120 ke nan. Ko an tsuke a kan lita 50 ga kowane mutum, ana neman lita 6,000 kullum, wato tan shida na nauyi a kan rufi idan tankuna sun cika, kuma sai famfo ya tura shi sama mita 20. Akwai rijiyar burtsatse a bayan gidan, akwai injin turawa. Abin da babu shi ne wanda zai sayi mai ranar da ba wuta, da wanda zai biya idan injin ya ƙone. Ranar da aka rasa, iyali ɗaya na neman jarka goma sha biyu. Kuma ko ruwan ya hau, 'yan hawa na biyar ne ke samun mafi rauninsa, domin tankunan a kan daɓen rufin aka ajiye su kai tsaye. Da an ɗora su a kan ƙafa mai mita biyu ko uku a saitin ginshiƙi, da shawa ta yi aiki.

Wani malamin makaranta da ke hawa na huɗu ya yi mana izini bayan ya shiga ya sanar. Ƙofar gidansa a kan doguwar barandar da kowa ke bi take, kuma da an buɗe ta sai falo. Babu zaure, babu soro, babu wani lungu da zai karya idon baƙo. Ya rataya labule mai kauri ya kuma sa kabad a tsaye don ya raba falon biyu, nan yake karɓar maza. Uwargidansa daga bayan labule ta gaishe mu, da Baba ya tambaye ta yadda take jin zaman, ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Baba, iska kam akwai, sauro ma da sauƙi, ba kuma ruwan da ke shigo mana da damina. Amma ina zan yi daka? Na ƙasa sai su aiko wai silin na amsawa. Gawayi sai a baranda, shanya a baranda, yara ma a baranda." Ta ce ranar suna a gidan iyayenta aka yi taro don nan ba wurin ɗora tukunya, ragon layya kuma a bayan shaguna ake ɗaure shi a biya mai gadi. Maigidan ya ƙara da abin da ya fi damunsa: da aka yi rasuwa a hawa na biyar, makara ba ta iya juyawa a kwanar matakala ba, sai a hannu aka sauko da mamacin.

Duk abin da ta lissafa aikin tsakar gida ne. Masu zanen irin waɗannan gidaje a Turai sun san suna raba mutane da wani abu, sun kuma yi ƙoƙarin mayar musu. A Park Hill da ke Sheffield a Ingila, wanda aka gama a 1961 da gida kusan dubu, an yi barandun shiga masu faɗin mita uku, har ƙaramar motar raba madara na bi, don maƙwabta su tsaya su yi hira yara su yi wasa. Ta wannan gidan mita ɗaya da 'yan kai ce. Da an ba ta mita uku, aka ja kowace ƙofa ciki aka yi mata ɗan soro ko da na mutum biyu ne, da rabin ƙorafin uwargida ya kau. Matashin namu ya yarda da wannan, ko da yake ya ce laifin mai zane ne ba na salo ba. Ni a ganina, salon da ya zo daga inda ba a san kulle ba, ba a san baƙon da ake tsayarwa a zaure ba, sai an sake masa ciki gaba ɗaya kafin ya zauna a Kano, fuskar ce kawai za a iya ɗauka yadda take.

Zafi kuwa sai da la'asar ta yi muka gane shi sosai. Gidan yamma yake kallo, saboda titi a yamma yake. A Kano bangon kudu da na arewa ba su da wuyar karewa, rana a sama take bi, ɗan leɓe kaɗan ya isa. Gabas da yamma ne masifa, don rana na sunkuyowa ta shiga ƙarƙashin kowace baranda. Gidan Marseille ma gabas da yamma yake kallo, amma can ana maraba da rana rabin shekara, wanda ya kwafo wannan ya kawo nan ya kwafo wahala. Bangon kankare mai kaurin santimita 15 yana ɗaukar kamar awa huɗu zuwa biyar kafin zafin da ya sha ya ratso ciki. Wato ranar ƙarfe huɗu tana isa ɗaki bayan sallar isha'i, daidai lokacin da mutum ke neman barci. Katangar ƙasa mai kaurin rabin mita, irin ta cikin birni, tana riƙe zafin har dare ya raba, lokacin gari ya huce. Baba bai bar wannan ta wuce ba, ya ce, "Ka ji ko, ɗan nan? Iyayenmu ba su je jami'a ba."

A kan rufi ba a iya tsayawa ba takalmi. Shimfiɗaɗɗen daɓe ne da aka taɓa rufewa da kwalta, yanzu duk ta tsattsage ta naɗe. 'Yan hawa na biyar a ƙarƙashin wannan suke kwana, shi ya sa hayarsu ta fi araha kuma biyu daga cikin gidajen ba kowa. Maganinsa sananne ne. Mafi sauƙi a wanke daɓen a shafe shi da farin fenti mai hana ruwa. Wanda ya fi shi a ɗora rufin kwano a sama, a bar tazarar da iska za ta ratsa tsakani, daɓen ya zauna a inuwa. Kafin duk wannan sai an gyara gangara, domin akwai wuraren da shatar tsohon ruwa ta nuna yana kwanciya ya kwana. Rufin kankare ana ba shi gangarar santimita biyu zuwa biyu da rabi a kowace mita zuwa bakin indararo. Indararon gidan huɗu ne, uku a toshe da leda da ƙasa, har wata 'yar bishiya ta tsiro a bakin ɗaya, saiwarta ta shiga tsaga. Daga can sama dai ana ganin abin da matashin ke so mu gani: Dutsen Dala da Goron Dutse a cikin hazo, hasumiyoyin babban masallacin cikin gari, da rumfunan kasuwar Sabon Gari. Ya ce a Landan mutane kuɗi suke zubawa don irin wannan kallo.

Gaskiya ne, amma labarin yana da tsawo. Trellick Tower a yammacin Landan, wanda Ernő Goldfinger ya zana aka gama a 1972, hawa 31 ne da gida 217, da hasumiyar lifta a gefe da ke haɗuwa da ginin a kowane hawa na uku. An buɗe shi ba mai gadi a ƙofa, kowa na shiga. Cikin 'yan shekaru liftoci suka lalace, matakala ta zama matattarar ɓata-gari, mutane suka riƙa gudun a ba su gida a ciki. A shekarun 1980 mazauna suka kafa ƙungiya, aka sa ƙofa mai kulle da mai gadi dare da rana. A 1998 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana a rusa, yau kuma neman gida ake a cikinsa. Kankaren bai sauya ba ko kaɗan. Robin Hood Gardens kuwa, a gabashin birnin, wanda Alison da Peter Smithson suka zana aka gama a shekarar nan ta 1972, bai samu wannan gatan ba. Manyan masu zane sun yi ta roƙo a bar shi, aka fara rusa shi a 2017, gidan tarihi na Victoria da Albert ya yanki wani ɓangare ya adana.

Na faɗa wa wakilin wannan da muka sauko, a bencin mai shayi da ke ƙofar gidan. Ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mu matsalarmu ta wuce mai gadi. Gidan gado ne." Wanda ya gina ya rasu, magada sun haura ashirin, kowa na jiran kasonsa na haya a ƙarshen shekara, ba mai yarda a taɓa kuɗin don gyaran abin da ba ɗakinsa ba. Wasu na so a sayar a rushe a yi shaguna, wasu na so a yi masa filasta da tayil a ƙara haya. 'Yan haya kuma kowa iyakarsa ƙofarsa. Matakala da rufi da famfo da sokawe, waɗanda su ne ran gidan bene, ba su da mai su.

Shawarar filastar ce na ce masa ya hana idan yana da iko. Shafe a kan rodin da ke tsatsa ba ya tsayar da ita, ɓoye ta kawai yake, bayan damina biyu ko uku ya faɗo da nauyin da ya fi na da, a kan masu wucewa. Gyaran gaskiya sai an bi ginin da guduma an yi wa duk inda ya saki alama, a fasa har bayan rodin yadda yatsa zai zagaya shi, a goge tsatsar da burushin ƙarfe sai ƙarfen ya yi fari. Inda rodin ya sirance sosai a ɗaura sabo a gefensa, ginshiƙi kuma ba a fasa shi sai an tokare abin da yake ɗauke da shi, da injiniya a tsaye. Sannan a shafa wa ƙarfen maganin tsatsa, a cike da simintin gyara na musamman, a yi ta jiƙa shi. Daga ƙarshe akwai ruwan kariya marar launi da ake shafa wa kankare, yana hana ruwa shiga ba tare da ya rufe shatar katakon ba, don haka mai son fuskar ginin yadda take ba zai rasa ta ba. Amma duk wannan ɓarnar kuɗi ce muddin banɗakuna na yoyo, daga bututu ake farawa.

Baba ya ce ko an yi duk wannan shi ba zai kwana a ciki ba ko kyauta ne. Matashin ya tambayi wakilin nawa ne hayar ɗaya daga cikin gidajen sama da ba kowa, ya rubuta lambarsa. Wakilin ya ce maganar bututu da ginshiƙai sai ya kai wa magada a zamansu na bayan salla, amma indararo uku da bishiyar nan aikin lebura ɗaya ne, zai sa a yi kafin ruwan farko ya sauka a watan Mayu, ya cire kuɗin daga na shara.